Suna Linzami: Tarihin Mutum-mutumin Tagulla na Sarki Markus Oreliyus a Dandalin Kafitol na Birnin Rum

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce suna linzami ne, wato da suna ake juyo da mutum kamar yadda ake juya doki. A bisa al'ada ɗan Adam ake nufi da wannan karin magana, amma tarihi ya nuna cewa abin da ba shi da rai ma suna kan ja akalarsa, ko dai zuwa ga halaka ko kuma zuwa ga tsira. Wannan takarda za ta bi diddigin wani mutum-mutumin tagulla, na mahayi bisa dokinsa, wanda ya shafe shekaru 443 a tsakiyar dandalin Kafitol na birnin Rum, a ƙasar Italiya. Kundayen da suka lissafa gine-ginen birnin a ƙarni na 4 na Miladiyya sun ambaci manyan dawaki irinsa guda 22. Dukkansu sun salwanta, shi kaɗai ya rage. Manufar takardar ita ce ta nuna cewa babban abin da ya fid da shi daga wutar maƙera shi ne sunan kuskure da aka laƙaba masa, sannan ta duba yadda sunayensa suka riƙa sauyawa gwargwadon bakin da ke faɗa da kuma zamanin da ake ciki.

2.0 Wanda Aka Ƙera Dominsa

An haifi Markus Oreliyus a birnin Rum a shekarar 121. Ya hau gadon sarautar daular Rum a 161, ya yi mulki tare da Lushiyus Berus har rasuwar wannan a 169, shi kuma ya rasu a 180. Zamaninsa bai kasance na kwanciyar hankali ba. Da farko an gwabza da daular Fartiya a gabas, sojojin da suka dawo daga can kuma suka taho da wata annoba da ta ci rayuka masu yawa. Daga nan sai ƙabilun da ke ƙetaren kogin Danub, irin su Markomani da Kwadi da Sarmatiyawa, suka tasar wa iyakar arewa. Sarkin ya ƙarar da mafi yawan shekarunsa na ƙarshe a sansanin yaƙi. A can ne ya riƙa rubuta wa kansa wasu tunane-tunane na falsafa da harshen Girkanci, waɗanda har yau ake karantawa a duniya.

A shekarar 176 ya shiga Rum cikin bikin nasara. Galibin masana suna ganin a wannan lokaci ne aka ƙera mutum-mutumin, wasu kuma suna kai shi 180, jim kaɗan bayan rasuwarsa. Dangane da wurin da aka fara kafa shi, masana sun kasu. Wasu na cewa a babban dandalin tsohon birni ne, wasu na cewa kusa da dogon ginshiƙin da aka gina don tunawa da yaƙe-yaƙensa, wasu kuma sun fi karkata ga unguwar Lateran, inda gidan kakansa yake, inda kuma ya tashi yana yaro.

3.0 Siffa da Ƙira

Tsawon mutum-mutumin daga kofato zuwa kan mahayi mita 4.24 ne, wato ya ɗara girman mutum da doki na zahiri nesa ba kusa ba. Dokin ƙaƙƙarfa ne, ya ɗaga ƙafarsa ta gaba ta dama kamar mai takawa a hankali. Mahayin yana da gemu da gashi mai murɗe-murɗe, yana sanye da taguwa da alkyabba, ba sulke, ba kwalkwali, ba takobi. Ya miƙa hannun dama gaba, tafin yana kallon ƙasa, alamar mai yi wa jama'a jawabi ko mai yi wa abokan gaba afuwa. Hannun hagu kamazuru yake riƙe da shi, amma wannan ya daɗe da ɓacewa. Ƙafafunsa suna reto ba likkafa, domin Rumawa ba su san likkafa ba a wancan zamani, kuma a kan shimfiɗa mai ninki yake zaune maimakon sirdi.

Ta hanyar zubin kakin zuma aka ƙera shi. Akan siffanta abin da ake so da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, sannan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Wannan ita ce hanyar da maƙeran Igbo-Ukwu da Ife da Benin suka ƙware a kai a nan Nijeriya. Da yake aikin babba ne, gunduwa-gunduwa aka zuba shi, aka harhaɗa, aka liƙe, cikinsa kuma fanko ne. Daga ƙarshe aka lulluɓe shi da zinariya, wadda har yanzu ake ganin sauranta a fuskar mahayin da alkyabbarsa da kan dokin.

4.0 Zamanin Narka Tagulla

Domin a fahimci girman wannan tsira, ya kamata a san halin da tagulla ta shiga bayan raunin daular. Tagulla dukiya ce mai narkewa. Duk abin da aka ƙera da ita ana iya mai da shi kuɗi, ko makami, ko ƙararrawar majami'a, ko tukunya. Bayan faɗuwar daular Rum ta Yamma a 476, birnin da a da yake ɗauke da mutane kimanin miliyan ɗaya ya koma na 'yan dubun-dubata. Haƙar ma'adinai da fataucinsu suka ja baya, saboda haka tsofaffin mutum-mutumai suka zama mahaƙa mafi kusa kuma mafi araha. Sarakuna ma ba a bar su a baya ba. A shekarar 663 Sarki Kustans na II ya zo daga gabas ya kwana goma sha biyu a Rum, ya kwashi tagullar da ya iya kwasa, har da rufin shahararren ginin nan na Fantiyon.

Ga kuma dalili na addini. Bayan da Kiristanci ya kafu, sai aka riƙa kallon siffofin alloli da na sarakunan da suka gabata a matsayin gumaka. A nan bambancin kalmomi biyu da Hausa ke da su zai taimaka: abin da aka kira gunki ya cancanci karyawa, abin da aka kira mutum-mutumi kuwa ana iya barinsa don ado ko tunawa. Ƙarfen ɗaya ne, sunan ne ke yanke hukunci. Da a ce an san ko wane ne wannan mahayi, da ba shi da mai ceto, domin a zamanin mulkinsa ne aka kashe malamin Kirista Justin a Rum wajen 165, aka kuma hallaka Kiristocin birnin Liyon a 177.

5.0 Dokin Kustantin

A rubuce-rubucen ƙarni na 10 ne mutum-mutumin ya bayyana a sarari, yana tsaye a filin Lateran, gaban fadar Fafaroma, kuma sunan da ake kiransa da Latinanci shi ne caballus Constantini, wato dokin Kustantin. Kustantin shi ne sarkin da ya ci yaƙin gadar Milbiyan a 312, ya halatta addinin Kirista a 313, ya kuma gina babbar majami'ar Lateran. Ga mutanen wancan zamani lissafin a fili yake: sarki ne a kan doki, a ƙofar majami'ar da Kustantin ya gina, to wa zai kasance in ba Kustantin ba? Abin lura shi ne, hotunan Kustantin da ke kan kuɗaɗensa da duwatsun da aka sassaƙa sun nuna shi ba gemu, wannan mahayi kuwa gemunsa cike yake. Sai dai babu wanda ya damu da gwada fuska da fuska, domin sunan ya dace da wurin, ya kuma dace da buƙatar masu wurin.

Buƙatar kuwa ita ce ta mulki. Fadar Fafaroma tana dogara da wata takarda da ake cewa Kustantin ne ya rubuta, inda ya miƙa wa Fafaroma ikon Rum da ƙasashen yamma. Dokin da ke ƙofar fada sai ya zama tamkar shaidar wannan kyauta, gindinsa kuma ya zama wurin zartar da hukunci. Tarihin Fafaromomi ya kawo cewa bayan tawayen da aka yi wa Fafaroma Yohanna na XIII a 965, da ya dawo kan kujerarsa a shekara mai biye, sai aka kama magajin garin Rum mai suna Bitrus, aka rataye shi da gashin kansa a jikin dokin, daga baya aka ɗora shi a kan jaki yana fuskantar baya aka zaga gari da shi. Haka kuma a 985, da Bonifas na VII ya mutu, wanda ya ƙwaci kujerar Fafaroma da ƙarfi, jama'a suka ja gawarsa a titi suka yasar a gaban dokin.

Akwai wani abin sha'awa ga manazarta harshe a cikin wannan suna. Kundayen ƙarni na 4 sun kira irin waɗannan dawaki equi magni, daga kalmar equus, wadda ita ce ta daidaitaccen Latinanci. Kalmar caballus kuwa a da ta kasuwa ce, tana nufin dokin aiki ko ƙuru marar daraja. Kafin ƙarni na 10 kalmar kasuwa ta ture ta fada, har ta kai ana kiran dokin sarki da ita a rubutun malamai. Daga gare ta ne aka sami cavallo a Italiyanci, da cheval a Faransanci, da caballo a Sifaniyanci. Ke nan sunan wannan doki ya adana wani mataki na rikiɗar Latinanci zuwa harsunan da ya haifa.

6.0 Kowane Baki da Sunansa

Sunan Kustantin bai hana wasu sunaye tsirowa ba. Wajen tsakiyar ƙarni na 12 an rubuta wani littafi na Latinanci kan abubuwan al'ajabi na birnin Rum, don amfanin masu ziyarar ibada. Marubucin ya musanta cewa dokin na Kustantin ne, ya kawo wata hikaya a madadin haka. A cewarsa, wani sarki daga gabas ne ya yi wa Rum ƙawanya. Sai wani barde marar asali ya lura cewa sarkin kan fito kowane dare gindin wata bishiya don biyan buƙata, kuma duk sa'ad da ya zo mujiya takan yi kuka. Barden ya hau doki ba sirdi, ya ɗauki lauje kamar mai yankan ciyawa, da jin kukan mujiya ya afka wa sarkin ya sungume shi zuwa cikin birni. Rumawa suka fito suka tarwatsa rundunar, suka saka wa barden da wannan mutum-mutumi.

Idan aka duba da kyau za a ga cewa daga jikin tagullar aka ciro kowane ɓangare na hikayar. Rashin sirdi da makami ya haifi barde talaka. Miƙaƙƙen hannu ya zama hannun da ya kama sarki. Tukkun gashin da ke tsakanin kunnuwan dokin shi ne ya rikiɗa ya zama mujiya. Littafin ya kuma ambaci wani ɗan ƙaramin sarki ɗaure a ƙarƙashin kofaton da aka ɗaga. Wannan siffa ba ta nan yanzu, amma masana da dama suna ɗaukar ambaton nata a matsayin shaidar cewa tun asali akwai siffar wani shugaban abokan gaba da aka ci da yaƙi a wurin. Ashe ke nan hikayar da aka ƙaga ta riƙe wani abu na gaskiya wanda ƙarfen kansa ya rasa.

Bayan haka wani malami mai suna Giregori, wanda ake kyautata zaton Ba'ingile ne, ya ziyarci Rum tsakanin ƙarshen ƙarni na 12 da farkon na 13. Ya tarar da cewa baƙi masu ziyara suna kiran mahayin Tiyodorik, wato sarkin Gotawa da ya mulki Italiya, mutanen gari suna cewa Kustantin, manyan malaman fadar Fafaroma kuwa suna cewa Markus ko Kwintus Kwirinus, suna nufin wasu jarumai na tsohon zamani. Wannan bayani ya nuna rukuni uku na jama'a a gari ɗaya, kowanne da sunan da ya dace da abin da ya sani da abin da yake so ya gani.

Su kuwa talakawan Rum sun mai da dokin nasu. A ranar 1 ga Agusta 1347, lokacin bikin naɗa Kola di Riyenzo, wanda ya ƙwace mulkin birnin daga hannun manyan gidaje na ɗan lokaci, an sa bututu a cikin dokin, giya na zuba ta hanci ɗaya, ruwa ta ɗayan, jama'a na sha.

7.0 Dawowar Sunan Asali da Ƙaura Zuwa Kafitol

A ƙarni na 15 ilimin nazarin tsofaffin rubuce-rubuce ya bunƙasa a Italiya. A 1440 Lorenzo Balla ya tabbatar da cewa takardar kyautar Kustantin jabu ce, kuma da nazarin harshe ya yi haka, inda ya nuna cewa kalmomi da salon da ke cikinta ba na ƙarni na 4 ba ne. Irin wannan ido aka juya kan dokin. Masana suka fara gwada fuskar mahayin da fuskokin da ke kan tsofaffin kuɗaɗe, wasu suka ce Antoninus Piyus ne, wasu suka ce Seftimiyus Seberus. Ana danganta gano sunan gaskiya ga Bartolomiyo Filatina, wanda ya zama mai kula da ɗakin karatun Batikan a 1475. A wannan lokaci gaskiya ba ta da sauran haɗari, domin an shiga zamanin da ake girmama kayan tsohuwar Rum saboda tsufansu da kyawun ƙirarsu. Har ma masu sassaƙa sun riga sun mai da dokin abin koyi, kamar yadda ake gani a aikin Donatello da ya kammala a Faduwa a 1453, da na Berokiyo a Benis.

A 1471 Fafaroma Sikstus na IV ya kwashe wasu kayan tagulla daga Lateran ya ba jama'ar Rum, aka kai su tudun Kafitol, mazaunin hukumar birni, amma ya bar dokin inda yake, ya sa aka gyara shi. Fafaroma Bulus na III ne ya ba da umurnin ɗauke shi a 1538, duk da ƙorafin limaman Lateran. Mikelanjelo ya tsara masa dakali na marmara, ya kuma tsara dandalin gaba ɗaya ta yadda gine-gine uku suka kewaye shi, shi yana tsakiya. Zanen daɓen da ya tsara, mai kama da tauraro mai tsinke 12, sai a 1940 aka shimfiɗa shi. Da wannan ƙaura ma'anar dokin ta sake sauyawa: ya bar ƙofar majami'a a matsayin sarkin Kirista na farko, ya isa ƙofar hukumar birni a matsayin sarki masanin falsafa.

8.0 Waɗanda Sunansu Ya Ci Su

Za a ƙara gane tasirin suna idan aka dubi makomar wasu dawakin. A 1770 an kafa wa Sarki Joji na III na Ingila mutum-mutumi a birnin Niyu Yok, an kwaikwayi na Markus Oreliyus, amma da dalma aka zuba shi. A ranar 9 ga Yuli 1776, bayan an karanta sanarwar 'yancin kan Amurka, jama'a suka tumɓuke shi, aka narka aka yi harsasai fiye da 40,000. A watan Agustan 1792 masu juyin juya halin Faransa suka kayar da dawakin sarakunansu da ke dandalolin Faris, ciki har da na Hanri na IV da na Luwi na XIV. A garin Fabiya na Italiya akwai wani tsohon dokin tagulla da ake kira Rejisole, wanda shi ma ya tsallake dukkan ƙarnonin narka ƙarfe, amma a 1796 aka farfasa shi saboda an ɗauke shi alamar sarauta. A Afirka ma, bayan Sudan ta sami 'yancin kai a 1956, an kawar da dokin Lod Kicina daga Hartum aka mayar da shi Ingila. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, abin da mahayin ke wakilta a idon jama'a shi ya jawo masa.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗora komai a kan suna kaɗai. Kasancewar dokin a harabar fada mai ƙarfi ya ba shi kariya, kuma kamar yadda aka gani, tun ƙarni na 12 akwai masu musun sunan Kustantin ba tare da an kai shi maƙera ba. Abin da za a iya cewa shi ne, sunan ya ƙetarar da shi ƙarnonin da suka fi haɗari, har ya kai lokacin da sabo da alfaharin 'yan gari da ƙaunar kayan tarihi suka karɓi aikin tsaronsa.

9.0 Daga Dandali Zuwa Ɗaki

Abin da maƙera suka kasa yi, iska da hayaƙin motoci sun kusa yi. A watan Afrilun 1979 wani bam ya tashi a ƙofar fadar hukumar birni da ke dandalin. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tagullar ta zaizaye, ƙafafun dokin kuma sun tsattsage. A Janairun 1981 aka sauke mahayin daga dokinsa, aka kai su cibiyar gyaran kayan tarihi ta ƙasa, inda aka shafe shekaru ana aiki. A 1990 aka dawo da shi Kafitol, amma aka ajiye shi a cikin gidan tarihi. A 1997 aka ɗora kwafinsa a kan dakalin Mikelanjelo, sannan a 2005 aka mayar da na asalin wani babban zaure mai rufin gilashi da aka gina a gidan tarihin. Hotonsa, tare da zanen daɓen, yana kan kwabon santi 50 na kuɗin yuro na Italiya tun 2002. Hikayar mujiya ma ba ta mutu ba, domin mutanen Rum suna da camfin cewa ranar da zinariya ta sake rufe dokin baki ɗaya, mujiyar za ta yi kuka, duniya kuma ta tashi.

10.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi tarihin mutum-mutumin Markus Oreliyus tun daga ƙirarsa a ƙarni na 2 har zuwa shigarsa gidan tarihi. An ga yadda ya amsa sunan Kustantin, da na Tiyodorik, da na barde mai lauje, kafin masana su mayar masa da nasa a ƙarni na 15. An kuma ga cewa sunayen kuskuren ba shirme ba ne: na farko ya tsare tagullar, ya kuma adana shaidar sauyin harshe, hikayar barde ta riƙe labarin siffar da ta ɓace, jerin sunayen da Giregori ya tarar kuwa ya nuna yadda al'ummar birnin ta rarrabu. Wannan ya shafi duk mai tattara sunayen wurare da labaran baka a Nijeriya, inda sau da yawa akan tarar da kufai, ko rijiya, ko ganuwa, an danganta su ga wani shahararren sarki ko sarauniya ba tare da hujja ba. Wajibin manazarci ne ya binciko sunan asali, amma kafin ya yi gyara ya kamata ya rubuta wanda ya tarar, da wanda ya faɗa masa, da rukunin jama'ar da ke amfani da shi, domin mai yiwuwa ne albarkacin wannan sunan abin ya kai ga zamaninsa.